Ga Goyo, Ga Baya

Mai gyaran agogo ya zaɓi zane. Ya yanke shawarar ne ranar Asabar da ƙarfe huɗu saura minti goma na yamma, a shagon tela da ke jikin nasa, bayan kwana uku yana gwada abin goyo iri uku. Zanen da ya zaɓa shi ne wanda ya fara rantsuwa ba zai taɓa ɗaurawa ba. Wadda za a goya 'yarsa ce, mai wata biyar da kwana tara, mai nauyin kilo bakwai. Ba wanda ya tambaye ta, amma ta faɗi ra'ayinta a kan duk wanda aka sa ta a ciki.

Minti ake ce mata a gida. Kakarta ta ɗauka don zaƙi ne, irin na alewa. Uban ne ya sa mata sunan, kuma dalilinsa daban: tun da aka haife ta, ba a taɓa ajiye ta da rana ta cika minti biyar ba tare da ta tsala ihu ba. Ya auna. Mafi daɗewar da ta yi a gadonta minti huɗu ne da sakan ashirin. A jikin mutum kuwa sai ta yi awa biyu tana barci, baki buɗe.

Maganar ta taso ne ranar Laraba wajen karin kumallo. Matarsa tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Hutun haihuwarta ya ƙare, ta roƙi ƙari, aka ba ta, shi ma ya ƙare. Gidan renon da ke kusa da su ba ya karɓar jariri sai ya kai wata tara. Matar da ta yi alkawarin zuwa riƙon yarinyar ta sami aiki a wani wuri, ta aiko da ban haƙuri ta waya. Shugabar ɗakin gwajin kuma ba ta ɓoye ba: ranar Litinin ƙarfe takwas, in ba a ga fuskarta ba, za a ba wani gurbin.

"Baban Minti," in ji ta, "ranar da na sami aikin nan, me ka ce?"

Yana shafa wa burodi bota, bai ɗago ba. "Na ce barka."

"Bayan barka."

"Na ce Allah ya sa albarka."

"Ka ce ina da goyon bayanka ɗari bisa ɗari. A gaban Umma ka faɗa, har da dukan ƙirji."

"Na faɗa. Har gobe ma ina nan a kan bakana."

Ta ɗauko Minti daga cinyarta, ta miƙo masa ita ta saman kofin shayi. "To, ga goyo. Ga baya."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta lissafa masa a tsanake: daga takwas zuwa biyu, awa shida, kwana biyar a mako, a shagonsa. In har zuwa Lahadi ba a sami yadda zai riƙe yarinyar ya kuma yi aikinsa ba, za ta kira shugabarta ta ce a ba wani. Shekara huɗu ta yi tana neman wannan aiki. Shi ma ya san lissafin.

Da ya dawo daga shago da yamma, ya tarar ta jera masa kaya uku a kan gado. Na farko jakar goyo ce baƙa da yayarsa ta aiko tun kafin haihuwa, mai kafaɗu masu soso, da maɓallan roba huɗu, da ɗan littafin bayani mai hotuna. Na biyu wani dogon yadi ne mai miƙewa, mita biyar, aro daga wata abokiyar aikinta. Na uku zanenta ne na yau da kullum, ja mai manyan furanni, da majanyi a ninke a kansa.

Ya sa yatsa ɗaya ya ture zanen gefe. "Wannan kam a'a. In na fita da shi, sai dai in sake gari."

Jakar ce ta burge shi. Abu ne mai sassa, kowane sashi da aikinsa, kuma kowane maɓalli in ya shiga sai ya ce ƙas. Mutumin da ya shekara goma sha shida yana rufe bayan agogo yana son wannan ƙarar.

Sai dai yana da ƙa'ida. Ba ya taɓa sa sabon kayan aiki a agogon mutane sai ya fara gwada shi a mataccen agogo. Don haka ranar Alhamis da safe bai taɓa Minti ba. Ya sauko da wani tsohon agogon katako daga saman kantar shagon, wanda mai shi ya kawo gyara shekara uku da suka wuce bai dawo ba. Ya ɗora shi a kan ma'auni, kilo shida da rabi. Ya ɗaura masa jakar tsofaffin batura a baya, ya cika bakwai. Ya zura shi cikin jakar goyon, ya rufe maɓallai huɗu.

Tela ya leƙo. Dattijo ne mai 'ya'ya shida, da tef ɗin awo a wuya ko da yaushe. Ya dubi agogon da ke cikin jakar.

"Mai lokaci, barka. Mace ce ko namiji?"

"Gwaji nake yi, Baba Tela."

"Na gani. Kama ɗaya da kai, har fuskar." Ya koma shagonsa, aka ji keke ya yi gudu na ɗan lokaci, ya dawo da 'yar hula ta ragowar yadi, ya kifa wa agogon. "Kada rana ta buge shi."

Da agogon a ƙirji, abin ya tafi daidai. Ya ɗan ja kujera baya, ya miƙa hannu, ya sa wa agogon hannu uku batir ba matsala. Ya kira matarsa ya ce ta kawo ta gaskiyar.

Minti ta shiga jakar ba musu. Minti goma ta yi shiru tana nazarin wurin. Daga nan ta gano gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa, ta gano alƙalamin aljihunsa, ta gano gemu. Da ya sunkuya kan wani agogon hannu da ya buɗe, ta miƙa hannu ta gefe ta share tiren da ya jera ƙananan ƙusoshi a kai.

Biyar ya gani nan take. Ta shida, wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ta ɓace. Uwar ta fizge yarinyar, ta buɗe mata baki, ta buɗe hannu na dama, ta buɗe na hagu. Shi ya durƙusa da maganaɗisu yana bin ƙasa inci-inci. Minti arba'in aka yi ana nema. A ƙasan safar Minti aka same ta.

"Kuskurenka ke nan," in ji tela daga bakin ƙofa. "Agogo ma yana da hannu, amma nasa ba ya kai wa ga kayan mutane."

Aka tsayar da doka a nan: yarinya ba ta zama tsakaninsa da tebur. Sai baya. Ya buɗe littafin jakar, ya sami hoton goyon baya a shafi na bakwai, da gargaɗi a ƙasa cewa sai yaro ya iya zama da kansa. Minti in aka zaunar da ita, sakan uku take yi ta kife kamar buhun da ba a cika ba. Jaka ta koma kwalinta.

Ranar Juma'a ta dogon yadi ce. Ya kalli yadda ake ɗaura shi a waya sau uku. Matar da ke cikin wayar tana murmushi tana naɗawa kamar wasa, a ɗaki mai faɗi. Shagonsa mita biyu da rabi ne, saboda haka rabin yadin yana waje a kan hanya duk lokacin da yake fama da ɗaya rabin. Ya kwaso ƙura, ya kwaso zare daga ƙofar tela. A ɗauri na farko ya haɗa da jinginar kujera bai sani ba, sai da ya miƙe kujerar ta miƙe tare da shi. Na biyu ya ci minti goma sha ɗaya, amma agogon ya hau baya, hularsa na leƙowa ta saman kafaɗa.

Yana cikin haka wata malamar makaranta ta shigo karɓar agogonta. Ta hango ƙunshi da hula a bayansa, ta rage murya, ta taka a hankali.

"Ayya, sannu," ta yi raɗa. "Barci take?"

Kafin ya sami amsa, ƙarfe goma sha biyu ta cika. Ya manta tun tuni ya gyara agogon, kuma da safe ya sa masa batir bai cire ba. Daga bayansa ƙararrawa ta fara bugawa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Malamar ta tsaya da jaka a hannu har aka buga goma sha biyun duka.

"Allah ya raya," in ji ta, ta karɓi agogonta ta fita. Tela sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Ba ƙararrawar ce ta kori yadin ba. Bayan minti ashirin agogon ya sauko daga kafaɗa zuwa ƙugu, domin abin da ke miƙewa ba ya daina miƙewa. Da matarsa ta tambayi mai yadin, ta ce ai na gaba ne kawai, wa ya ce a kai shi baya? Aka wanke shi, aka shanya, aka mayar.

Saura zane.

Surukarsa ta iso da motar safe ranar Asabar. Yini ɗaya kawai take da shi, domin mijinta ba shi da lafiya kuma ba ya karɓar magani a hannun kowa sai nata. Ta zauna a falo, ta sha ruwa, ta saurari rahoton kwana biyu ba ta katse kowa ba. Sai ta miƙa hannu.

"Kawo min ƙawata."

Ta sunkuya, ta juya yarinyar ta gefen ƙugu zuwa baya, ta yafa zane, ta ja sama ta soke, ta ja ƙasa ta soke, ta ɗaure majanyi, ta miƙe. Idonsa na kan agogon hannunsa. Sakan tara.

"Mama, ko za ku ƙara yi a hankali?"

"A hankalin ke nan, ɗan nan."

Ya tafi ɗauko agogon katakon, wanda ya taho da shi gida don wannan. Ta dube shi, ta dubi hular.

"Ajiye min wannan katako. Katako ba ya riƙe mutum. Yarinya kuwa kana riƙe ta tana riƙe ka. Sunkuya."

Ya sunkuya a tsakiyar falo, gumi na ɗiga daga hancinsa. Aka ɗora masa Minti, uwar na tsaye a baya da hannu biyu a buɗe. Ya ja zanen ta ƙarƙashin hammata ya soke a ƙirji yadda ya gani, ya ɗaure majanyin a ciki, ya miƙe sannu-sannu kamar mai ɗauke da kwanon ruwa a ka. Minti ta kama rigarsa da hannu biyu, ta kwantar da kumatu tsakanin kafaɗunsa, ta yi ajiyar zuciya. Bai taɓa jin numfashinta ta baya ba. Ya tsaya cak.

"Yi tafiya," in ji surukar.

Taku uku ya yi, zanen ya zame daga ƙirji zuwa cibiya. Uwar ta cafe yarinyar. Aka sake, ya ƙara matsewa har numfashi na yi masa wuya. Taku biyar. Aka sake, surukar da kanta ta soke masa. Taku bakwai.

Ta zagaya shi sau ɗaya. Ta tsaya a gabansa, ta dubi ƙirjin, ta kau da kai da sauri, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Umma, mene ne?"

Ba shi ta ba amsa ba, 'yarta ta ba, da ƙaramar murya da kowa ya ji. "Ba laifin zane ba ne. Mu in mun soke, akwai inda yake sauka. Shi allo ne."

Matarsa ta faɗa kan kujera da yarinyar a hannu, tana dariya har da hawaye. Shi ya ɗaga kai yana karanta silin.

"To yanzu yaya za a yi, Umma?"

"Ni dai ba ni da na aro."

Dariyar ta ɗauki lokaci kafin ta lafa. Matarsa ta goge ido, ta jawo wayarta daga kan tebur, ta juya ta a hannu.

"Ba sai Lahadi ba," in ji ta. "Gara in kira shugabata yau, ta sami lokacin neman wani."

"Ba ni zuwa ƙarfe huɗu."

"Baban Minti, ka yi iya ƙoƙarinka. Ba na jin haushi."

"Zuwa huɗu."

Ya naɗe zanen da majanyin ya fita. A hanya ne ya tuna aikin da yake yi kusan kowane mako: mutum ya zo da agogo ya ce ya ƙi zama a kan kantar ɗakinsa, yana ta zamewa. Bai taɓa gaya wa kowa ya ƙara matse shi ba. Abin da ba shi da wurin zama, rataye shi ake yi daga sama.

Tela ya saurare shi yana taunar zare. Ya auna shi daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya auna faɗin ƙirji, ya karanta lambar da ƙarfi ya girgiza kai. "Tsohuwa ta yi gaskiya." Ya ɗauko yadi mai kauri irin na jakar makaranta, ya yanke maratayi biyu masu faɗin tafin hannu, ya ninka, ya cusa soso a inda za su hau kafaɗa. Ya ɗinka su a bakin zanen na sama ta baya, ɗinki layi huɗu, yadda za su haura kafaɗa, su gitta a ƙirji, su sauko a ɗaure su da majanyi.

"Kawo ɗanka na katako mu gwada."

"An hana ni."

"To, ga wanda ya fi shi." Ya kwance kan wani tsohon keken ɗinki da ke ƙarƙashin tebur, ƙarfe zalla, ya naɗe shi a zanen, suka rataye a ƙugiyar ƙofa. Suka tsaya suna kallo minti biyar. Zare ko ɗaya bai motsa ba. "In ya ɗauki wannan, zai ɗauki 'yarka har ta fara yi maka rashin kunya."

Da uku da rabi matan suka iso da Minti. A shagon tela aka ɗora masa ita. Surukar ta bi ɗaurin da yatsa, ta gyara wa yarinyar ƙafafu su rungumi ƙugunsa, ta duba hanci a sarari yake, ta ja maratayi ta saki. Ya yi tafiya zuwa ƙarshen layin ya dawo, taku ɗari da sittin. Zanen yana inda aka bar shi.

"Ba kyan gani," in ji ta. "Amma ya kama."

Ya shiga shagonsa ya zauna, ya sa gilashi a ido, ya buɗe bayan wani agogon hannu. Hannayen Minti suna can baya, ba abin da suke kaiwa sai wuyan rigarsa. Ya lura cewa in ya daɗe bai motsa ba sai ta fara ƙunƙuni, saboda haka tsakanin ƙusa da ƙusa yakan ɗan karkata dama, ya karkata hagu. Ya ɗauki ƙusa ta farko da matsefata, ya jira ta fitar da numfashi, ya sa. Ya rufe agogon, ya ɗaga shi sama. Matarsa ta mayar da wayar cikin jaka.

Ranar Litinin ta fita bakwai da minti ashirin, da farar rigar aikinta a goge. Shi ya fita takwas saura kwata, da jan zane mai furanni a kan riga mai dogon hannu, da jakar da ke ɗauke da kwalaben nono biyu da kayan canji. Mai gyaran waya ya yi masa sannu da jego. Mai yankan makulli ya tambaye shi ko nono na zuwa. Ya amsa wa kowa da "na gode", bai rage sauri ba.

Zuwa ƙarfe biyu Minti ta yi barci sau biyu, na farko awa ɗaya da minti hamsin, na biyu minti arba'in da biyar. Ta shanye kwalba biyu. An sauke ta sau uku don canji da miƙe ƙafa, ta yi ihu sau uku. Ya gama agogo huɗu. A rana irin wannan tara yake yi. Tela ya ba da rahoton cewa maza biyu daga layin sun zo, kowa da lokacinsa, sun tambayi yadda ake ɗinka maratayin, kuma dukansu wani abokinsu suke tambaya wa.

Matarsa ta iso biyu da minti ashirin da biyar, tana ƙanshin sabulun asibiti, tana magana tun daga bakin ƙofa a kan sabon injin da aka kawo ba ta nan. Ta kwance yarinyar, ta shinshina wuyanta, ta zauna ta ba ta nono. Ya so ya sunkuya ya ɗauki majanyin da ya faɗi, bayansa ya ƙi. Tela ne ya ɗauko masa.

Sai da Minti ta ƙoshi sannan matarsa ta zaro wata takarda daga aljihu, ta shimfiɗa a kan teburinsa, nesa da tiren ƙusoshi. Sabon jadawalin aiki ne. Daga ɗaya ga wata mai zuwa, sunanta yana layin masu tashi ƙarfe biyar, kuma ana son kowa ya sa hannu kafin Alhamis.

An gwada zanen awa shida. Ba wanda ya gwada shi awa tara.